Yadda Ake Gano Dajin Furostet da Fara Maganinsa a Inda Kuɗi da Kayan Aiki Suka Yi Ƙaranci

A Sakkwato da garuruwan da ke kewaye da ita, dattijon da fitsari ya fara yi masa gardama ba kasafai yake buɗe baki ya faɗa wa kowa ba. Yakan tashi sau huɗu ko biyar cikin dare, ya daɗe tsugune yana jiran fitsarin ya sauko, idan ya sauko kuma ya zo a tsittsinke ba ƙarfi, amma sai ya jingina abin ga tsufa, ko ga basir, ko ga sanyin mara, ya sayi ƙullin magani wurin masu talla da lasifika a bakin kasuwa. Sau da yawa ba a kai shi asibiti sai ranar da fitsarin ya ɗaure gaba ɗaya, ko ciwon ƙugu ya hana shi ruku'u, ko ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa. Na rubuta wannan bayani ne domin shi, da ɗa ko ƙanen da zai riƙe masa kati a asibiti, da kuma ma'aikacin lafiyar da zai fara ganinsa a Gwadabawa ko Tambuwal ko Wurno. Abin da nake so a riƙe shi ne, idan kuɗin hannu kaɗan ne, gwajin da zai sauya shawarar likita shi ake fara biya, kuma maganin da gida zai iya ɗorewa a kansa shekara da shekaru shi ake zaɓa.

Ya kamata a fara da gyara suna, domin a yankinmu ruɗanin sunan yana jawo asara. A rediyo da bakin jama'a ana cewa dajin mafitsara, alhali cutar da ake nufi ba a jikin mafitsara take ba. Tana kama wata 'yar tsoka ce da likitoci ke kira furostet, wadda maza kaɗai ke da ita, girmanta bai wuce na ƙaramin goro ba, tana zaune a ƙarƙashin mafitsara, ta zagaye bututun da fitsari ke bi, aikinta kuwa samar da wani kaso na ruwan maniyyi. Dajin mafitsara na ainihi cuta ce dabam, kuma ba baƙuwa ba ce a nan, saboda tsargiyar da ta daɗe tana addabar masu su da masu noman rani a bakin gulbin Rima da wurare irin su Goronyo da Wurno. Babbar alamarsa fitsarin jini, gwajinsa dabam, maganinsa dabam. Duk wanda ya ga jini a fitsarinsa ya faɗa wa likita a fili, ya kuma ambaci ko ya taɓa yin tsargiya yana yaro. Akwai kuma abu na uku, wato kumburin furostet na tsufa, wanda ba daji ba ne, kuma shi ne sanadin mafi yawan wahalar fitsari a wurin dattawa. Alamomin kumburin da na dajin sun yi kama ƙwarai, ba mai iya rarrabe su da jin labari kaɗai.

Ƙididdigar cibiyar binciken daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta shekarar 2022 ta nuna cewa dajin furostet shi ne kan gaba cikin ire-iren dajin da ke kama maza a Najeriya, inda aka ƙiyasta sababbin masu cutar kimanin 18,000 a shekara guda, waɗanda ta kashe kuma sama da 11,000. Abin da ya sa alkaluman biyu suka kusanci juna haka shi ne zuwa asibiti a makare, domin a ƙasashen da ake gano cutar da wuri, mafi yawan masu ita wani abin ne yake zama ajalinsu. Haɗarin yana ƙaruwa bayan shekara 50, ya fi yawa ga baƙar fata, yana kuma ninkuwa ga wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa na jini ya yi cutar. Dajin nono ko na ƙwan mahaifa a wurin uwa ko 'yan'uwa mata shi ma abin faɗa wa likita ne. Cutar galibi tana farawa ne daga gefen tsokar, nesa da bututun fitsari, shi ya sa a farkonta ba ta nuna wata alama ko kaɗan. Don haka namijin da ya kai shekara 45, ko 40 idan akwai cutar a gidansu, ya dace ya zauna da likita su yi maganar gwaji ko da yana jin kansa garau.

Yatsa da jini

Binciken farko ba ya buƙatar wata na'ura. Likita zai sa safar hannu, ya shafa mai, ya sa yatsa ta dubura ya taɓa bayan furostet, abin da ba ya kai minti guda. Na san wannan ne yake korar dattawa da yawa daga asibiti, kuma ba na raina kunyarsu, domin a kanta aka yi mana tarbiyya. Majinyaci yana da damar neman likita namiji, ya nemi a rufe labule, ya nemi ɗansa ya fita waje. Abin da bai dace ba shi ne a bar binciken dungurungum, saboda yatsan ƙwararre yana jin bambanci tsakanin tsoka mai santsi da ta kumbura kawai, da wadda ta yi tauri kamar dutse, ko ta yi ƙulluƙullu, ko ta manne da abin da ke gefenta. Sai dai yatsa bai ji komai ba ba ya nufin babu cuta, shi ya sa ake haɗa shi da gwajin jini.

Gwajin jinin shi ake kira PSA, wani sinadari da furostet ke fitarwa, ana auna shi da nanogiram a kowace mililita ta jini. An saba ɗaukar 4 a matsayin iyaka. Tsakanin 4 da 10, kusan mutum ɗaya cikin huɗu ne ake samu da daji. Sama da 10, abin yana kaiwa rabi ko fiye. Idan kuwa ya haura 100, to kusan ko da yaushe daji ne, kuma mafi yawa ya riga ya bazu. A nan ne ake yawan yin kuskure mai tsada, domin PSA yana hawa saboda kumburin tsufa, da ciwon sanyin mafitsara, da ɗaurewar fitsari, da sa robar fitsari, har da saduwa da iyali. Wanda zai yi gwajin ya ƙaurace wa iyali kwana biyu, wanda ke jin zafin fitsari ko zazzaɓi a fara duba fitsarinsa a magance ƙwayoyin cuta, a jira kimanin mako shida, sannan a ɗebi jinin. Wanda ke shan finastarayid domin kumburi, wanda ake sayarwa da sunan Proscar da wasu sunaye, ya faɗa wa likita, saboda bayan watanni yana rage adadin PSA da kusan rabi, sai sakamakon ya kwantar da hankali alhali bai kamata ba. Idan adadin ya ɗan haura kaɗan ne, maimaita gwajin bayan 'yan makonni a ɗakin gwaji ɗaya ya fi sauƙi da arha a kan garzayawa zuwa mataki na gaba. Tare da shi a duba yawan jini da aikin ƙoda, gwaje-gwaje ne masu sauƙin kuɗi waɗanda ke nuna ko cutar ta fara taɓa wasu wurare.

Ma'aikacin lafiyar da ya ga PSA ya tsaya a sama bayan an maimaita, ko ya ji tauri da yatsa, aikinsa shi ne ya rubuta takardar turawa zuwa ga likitan mafitsara, ya rubuta adadin da ranar gwajin a jiki, kada ya riƙe majinyaci watanni yana sauya masa maganin ƙwayoyin cuta. A jihar nan, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo yana da cibiyar cututtukan mafitsara da ƙoda, da sashen binciken tsoka, da sashen masu daji, kuma marasa lafiya na zuwa can daga Kebbi da Zamfara har da ƙetaren iyakar Nijar.

Ɗibar tsoka

Abin da ke tabbatar da daji shi ne a ɗebi 'yan silili na tsokar da wata siririyar allura ta dubura, galibi guda 12, a duba su a madubin likita. Inda akwai na'urar sikanin mai shiga ta dubura, ita ke nuna wa allurar hanya. Inda babu, ƙwararre yana iya bi da yatsa, musamman idan taurin a fili yake. Ana ba da maganin ƙwayoyin cuta kafin aikin, ana kashe zafin wurin, kuma mutum yana komawa gida a ranar. Mai shan maganin tsinka jini ya faɗa tun kafin a sa rana. Ɗan jini a fitsari ko bayan gida na 'yan kwanaki, da jini a maniyyi na 'yan makonni, ba abin tsoro ba ne. Zazzaɓi da rawar sanyi bayan aikin kuwa, ko kasa yin fitsari, a koma asibiti a wannan rana, ko cikin dare ne, kada a ce maleriya ce a tsaya kemis.

Akwai maganar da ta yaɗu cewa daji ba ya son ƙarfe, wai da an taɓa shi da allura sai ya fusata ya bazu. Abin da ke faruwa shi ne, mutane suna zuwa bayan cutar ta riga ta bazu, sai a ɗebi tsoka, sai jikin ya ci gaba da tsananta kamar yadda da ma zai yi, sai a ɗora wa allura laifi. Sakamakon ɗibar tsokar ne yake faɗin ko dajin mai tafiyar hawainiya ne ko mai gaggawa, kuma a kan wannan ake gina duk shawarar magani. A takardar za a ga makin Gleason, sunan likitan Amurka da ya tsara shi tun shekarun 1960. Maki 6 shi ne mafi sauƙi, 7 matsakaici, 8 zuwa 10 mai tsanani. Wasu takardun suna rubuta rukuni daga 1 zuwa 5, inda 1 yake daidai da maki 6. A karɓi kwafin wannan takarda a adana ta kamar takardar gona.

Ana iya tsallake ɗibar tsoka a yanayi ɗaya: dattijon da jikinsa ya yi rauni ko yake cikin haɗari na gaggawa, PSA ɗinsa ya haura 100, furostet ta yi tauri, hoton ƙashi kuma ya nuna cutar. A nan likita yana iya fara magani ba tare da jira ba. Amma mutumin da PSA ɗinsa 12 ne ko 20, ba daidai ba ne a fara masa maganin daji, balle a yi masa tiyatar da ba ta da gyara, ba tare da shaidar tsoka ba. Haka kuma wanda aka yi wa tiyatar kumburin tsufa, iyalinsa su tabbatar an kai tsokar da aka cire ɗakin bincike, su kuma koma su karɓi sakamako. Wannan tiyatar tana cire cikin tsokar ne ta bar ɓawonta, kuma a ɓawon ne daji ya fi farawa, saboda haka wanda aka yi wa ita bai tsira daga gwajin PSA ba.

Tambaya ta gaba ita ce ko cutar ta tsaya a furostet ko ta fita. Idan ta fita, ta fi zuwa kaluluwar ƙugu da ƙasusuwa, musamman ƙashin baya da na ƙugu da haƙarƙari. A ƙasashe masu hali ana amfani da hoton MRI da na CT da hoton ƙasusuwa na musamman. A inda muke, wanda PSA ɗinsa bai kai 10 ba kuma makinsa 6 ne, ba ya buƙatar hoton ƙashi kwata-kwata. Wanda PSA ɗinsa ya kai ɗaruruwa, yana kuma kukan ƙugu, hoton eksire na ƙugu da ƙashin baya da ƙirji, da sikanin na ciki domin duba ƙoda da hanta, galibi sun isa a yanke shawara, kuma kuɗin MRI ya fi amfani a ajiye shi domin magani. Mutumin da ke tsakiya ne ya cancanci hoto mai tsada, wato wanda ake shirin yi wa tiyata ko gashi da na'urar haske mai ƙona daji da niyyar warkewa, domin eksire ba ya ganin cutar sai ta yi nisa a ƙashi, kuma babu amfanin a yi babban aiki a kan cutar da ta riga ta fita. Kafin a biya kuɗin kowane hoto, ɗan rakiya ya tambaya cikin ladabi: “Ranka ya daɗe likita, idan hoton nan ya fito, me zai sauya a maganin Baba?”

Abubuwa biyu ba sa jiran ranar ganin likita. Na farko ɗaurewar fitsari, wanda ake warwarewa da sa roba ta gaba, ko ta mara idan ta gaba ta ƙi shiga, kuma ana iya yin wannan a babban asibiti mafi kusa. Na biyu ya fi haɗari, shi ne dajin ya danne lakar da ke cikin ƙashin baya. Alamarsa ciwon baya mai tsanani da ke ƙaruwa da dare ko yake ɗaure jiki kamar ɗamara, nauyin ƙafafu, sagewar cinya ko mazaunai, da kuɓucewar fitsari ko bayan gida. Wannan ba aikin maɗori ba ne, ba kuma na wanzami ba. A kwantar da majinyaci a miƙe, a kai shi asibitin koyarwa a ranar, inda za a ba shi deksametazon mai rage kumburi, a gaggauta katse sinadarin maza da dajin ke rayuwa da shi, a yi gashi ko tiyata idan da hali. Wanda aka kai yana iya taka ƙafa galibi yakan ci gaba da tafiya, wanda kuwa ƙafafunsa suka mutu kwana biyu ko uku kafin a kai shi da wuya su dawo.

Idan cutar ba ta fita ba

Wanda aka dace aka gano nasa da wuri yana da hanya uku. Mai maki 6 da PSA ƙasa da 10 ana iya sa masa ido ba tare da magani ba, a riƙa gwajin PSA duk wata uku zuwa shida, a maimaita ɗibar tsoka a lokacin da likita ya tsara. A Birtaniya an bi maza 1,643 masu cutar da ba ta fita ba har shekara 15, wasu aka sa musu ido, wasu aka yi musu tiyata, wasu gashi, kuma sakamakon da ya fito a 2023 ya nuna kimanin 97 cikin 100 cutar ba ta kashe su ba a kowane rukuni. Amma a ganina ba za a ɗauko wannan a ɗora wa kowa a nan ba. Waɗancan mutane an gano nasu tun ba alama, kuma ba su fasa zuwa asibiti ba. Mutumin da ke zaune a ƙauyen Isa ko Tangaza, wanda damina da kuɗin mota da halin hanya za su hana shi dawowa, idan aka ce masa a sa ido, an sallame shi ne kawai. Gara ya faɗa wa likita gaskiyar halinsa tun farko.

Hanya ta biyu tiyatar cire furostet gaba ɗaya, wadda ta bambanta da ta kumburin tsufa, tana kuma buƙatar likitan da ya saba yinta. Tana iya barin yoyon fitsari na wani lokaci da raunin mazakuta, kuma bayan mako shida zuwa takwas PSA ya kamata ya faɗi har ya kusa ɓacewa. Ta uku ita ce gashi da na'urar haske, wanda a yanzu ake iya kammalawa a zama 20 cikin mako huɗu maimakon kusan zama 40 na da. Ga mai matsakaicin haɗari ana haɗa shi da allurar katse sinadarin maza na wata huɗu zuwa shida, ga mai tsanani kuwa shekara ɗaya da rabi zuwa uku. Na'urorin gashi ba su da yawa a ƙasar nan, saboda haka kafin a kama hanya zuwa kowace cibiya a tabbatar na'urar tana aiki, a san tsawon layi, a kuma tanadi masauki da abinci na wata guda, domin gashin da aka katse a tsakiya amfaninsa yana raguwa. Dattijon da shekarunsa suka yi nisa, ko yake fama da ciwon zuciya mai tsanani, ga kuma dajin mai sauƙi, sau da yawa abin da ya fi masa shi ne a bar shi sai alama ta bayyana a magance ta.

Idan ta bazu: allura ko tiyata

Mafi yawan waɗanda ke zuwa asibitocinmu a wannan rukuni suke, kuma ko da ba a maganar warkewa gaba ɗaya, ana iya danne cutar shekaru. Tun 1941 likita Charles Huggins na Jami'ar Chicago ya nuna cewa dajin furostet yana rayuwa ne da sinadarin maza, testosteron, wanda 'ya'yan maraina ke samar da mafi yawansa, kuma idan aka katse shi dajin yana ja da baya. Wannan bincike ne ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1966. Har yau shi ne ginshiƙin magani. Wanda aka kawo a kwance saboda ciwon ƙashi yakan sami sauƙi cikin kwanaki, wanda aka sa wa roba kuma ana iya gwada cire ta bayan wata ɗaya zuwa uku.

Ana katse sinadarin ta hanya biyu. Ta farko allura ce irin goserelin, wadda aka fi sani da Zoladex, ana sa ta a ƙarƙashin fatar ciki, miligiram 3.6 duk kwana 28, ko 10.8 duk mako 12. A makon farko zuwa na biyu tana ɗaga sinadarin kafin ta saukar da shi, abin da ke iya tsananta ciwon ƙashi ko danne laka, shi ya sa ake haɗa ta da ƙwayar bikalutamayid mai miligiram 50 na 'yan makonni. Ƙwayar ita kaɗai ba ta isa magani ga cutar da ta bazu ba, ko da yake ana ganin waɗanda suka koma kanta saboda ta fi arha. Allurar tana da tsada, farashinta yana bin canjin dala, kuma ba a son ajiye ta a zafin da ya wuce digiri 25, alhali a bazarar Sakkwato zafi yana haura 40. A saye ta a kantin magani amintacce, a duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewa.

Hanya ta biyu ƙaramar tiyata ce ta cire 'ya'yan maraina biyu, ko kwashe cikinsu a bar ɓawon domin kada jakar ta zama fayau. Ana yin ta da allurar kashe zafin wurin, ba sai an sa barci ba, sinadarin yana faɗuwa cikin awoyi, ana biya sau ɗaya, kuma babu zancen mantawa ko ƙarewar kuɗi. Ƙarfinta a kan cutar daidai yake da na allura. Ba ƙaramin abu ba ne a faɗa wa magidanci mai iyali wannan magana, kuma bai kamata likita ya jefa masa ita a tsaye a gaban jama'a ba. Amma akwai gaskiyar da ya wajaba ya sani kafin ya zaɓa: allurar ma tana kashe sha'awa da ƙarfin mazakuta muddin ana yinta, kuma ga wanda cutarsa ta bazu, galibi yinta ake yi har ƙarshen rayuwa. Mutane da yawa suna zaɓar allura da zaton ta tsare musu abin da tiyata za ta ɗauke, a sayar da tumaki a yi ta farko, a jinginar da gona a yi ta biyu, ta uku ta gagara, sinadarin ya dawo, cutar ta farfaɗo. Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne. Gidan da ba shi da tabbacin kuɗin allura na shekaru, tiyata ta fi masa alheri, a ajiye kuɗin domin magani na gaba. Allura ta fi dacewa da wanda za a yi wa ita na ƙayyadadden lokaci tare da gashi, ko wanda inshora ta ɗauke masa nauyi. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ta fuskar addini ya je wa malaminsa da cikakken bayanin likita, domin hukuncin lalura a fikihu sananne ne, haka ma hukuncin alwala da salla ga mai yoyon fitsari ko mai roba. Ya kuma dace ya zauna da matarsa ko matansa ya yi musu bayani da bakinsa kafin a fara.

Duk hanyar da aka bi, za a ga zufa da jin zafi na zuwa bagatatan, da kasala, da ƙarin ƙiba, da raunin ƙashi a hankali, sukari da hawan jini kuma suna iya tashi. Tafiya a ƙafa kullum da duba sukari da hawan jini lokaci-lokaci suna rage wannan. Bincike daga 2015 zuwa yau ya nuna cewa mai ƙarfin jiki yana samun ƙarin tsawon rai, da yardar Allah, idan aka haɗa katse sinadarin da wani magani tun farko: ko ƙarin ruwan kemo na dositaksel sau shida, mako uku-uku, ko ƙwayar abirateron tare da firednisolon. Asalin adadin abirateron miligiram 1,000 ne a kullum kafin a ci komai. Wani ƙaramin bincike da aka buga a 2018 ya nuna cewa miligiram 250 tare da karin kumallo marar maiƙo sosai yana saukar da PSA kamar cikakken adadin, abin da ke mayar da kuɗin kashi ɗaya cikin huɗu. Wannan shawara ce da likitan daji kaɗai zai yanke, shi zai fayyace irin abincin, domin ƙosai da man shanu da kunun gyaɗa duk maiƙo ne, kuma dole a riƙa duba hanta da hawan jini da gishirin jini.

Ciwo ba abin da za a ce a daure masa ba ne. Ana farawa da farasitamol, idan bai isa ba a hau zuwa mofin na sha, wanda ake bayarwa bisa agogo duk awa huɗu, tare da maganin sassauta ciki domin yana ɗaure bayan gida. Mofin da likita ya tsara wa mai daji ba shaye-shaye ba ne. Abin da ya fi cutarwa shi ne diklofenak da ire-irensa da ake saye a kemis a sha watanni, domin suna ƙarasa ƙodar da toshewar fitsari ta riga ta wahalar. Idan ciwon ya tsaya a ƙashi ɗaya, zama ɗaya na gashi yakan kwantar da shi. Mai roba ya riƙa shan ruwa sosai, jakar ta kasance ƙasa da mara ko da yaushe, a sauya robar a ranar da aka sa masa.

Ta fuskar kuɗi, a nemi ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibiti tun zuwan farko, kada a bari sai hannu ya ƙare. Gwamnatin tarayya tana da asusun tallafa wa marasa galihu masu dajin nono da na bakin mahaifa da na furostet, a tambaya ko majinyaci zai iya shiga da kuma ta wace cibiya. Mai rajista da hukumar inshorar lafiya ta ƙasa ko takwararta ta jiha, wato SOCHEMA, ya nemi a nuna masa abin da rajistarsa ta ƙunsa, mabuƙaci kuma ya kai kukansa Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato da takardun asibiti a hannu.

Bayan an fara magani, ana duba PSA duk wata uku, a ɗakin gwaji ɗaya idan zai yiwu. A sayi ɗan littafi a riƙa rubuta rana da adadi, da ranar kowace allura, da sunan kowane magani, har da na gargajiya idan ana sha, a ajiye shi a jaka ɗaya da takardar tsoka da hotuna, mutum ɗaya a gidan ya zama shi ke riƙe da ita. Idan adadin ya hau sau biyu ko uku a jere, ko sabon ciwon ƙashi ya ɓullo, alama ce cutar ta fara sabawa da maganin, abin da yakan faru bayan shekara ɗaya da rabi zuwa uku ga wanda ke kan katse sinadari kaɗai, kuma a lokacin ne ake ƙara magani na biyu ba tare da dakatar da na farko ba. Ƙannen majinyaci da 'ya'yansa maza da suka kai shekara 40 su je a yi musu nasu gwajin, su kuma faɗa wa likita shekarun da mahaifinsu ko yayansu yake da su lokacin da aka gano cutar a jikinsa.